Sau Goma Sha Bakwai A Jirgin Safe

Tun daga bakin ƙofar falon Abba na san ba lafiya ba. Rediyonsa a kashe take, alhali ba a kashe ta a gidanmu sai in rasuwa aka yi. Ga kuma takalman Yaya Manaja, ɗan Gwaggona, a jere suna ta ƙyalli kamar yanzu aka fito da su daga kwali.

Na yi sallama. Abba ya amsa bai ɗago ba. Tabaransa na kan karan hanci, gabansa takardu biyu a kan tebur.

Ɗaya na gane ta nan take, domin ni na rubuta ta. 'Yar takardar wayar da kai ce da ofishinmu na kare muhalli ya raba a makarantu da tashoshi wata uku da suka wuce, har da hotona a baya ina murmushi. Ɗayar fara ce mai layi-layi, da tambarin kamfanin jirgin da Yaya Manaja yake yi wa aiki.

Umma na tsaye jikin labule, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

"Zauna, Auta," in ji Abba.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafar kujera.

Shekara talatin da ɗaya Abba ya yi a hasumiyar filin jirgin garinmu yana saukar da jirage da tayar da su kafin ya yi ritaya. Ba ya ɗaga murya. Muryar da yake magana da matuƙa jirgi a tsakiyar hadari, da ita yake yi mana faɗa, kuma mun fi tsoronta a kan tsawa.

Ya miƙo min takardata ya ce in karanta sakin layin tsakiya, da ƙarfi, yadda na karanta shi a rediyo.

Na karanta.

"Tsakanin filin jirgin garinmu da na wancan gari kilomita ɗari shida da goma ne. Jirgi yana cinye su cikin minti sittin da biyar. A wannan ɗan lokaci, rabon kowane fasinja na hayaƙin kabon da ake zubawa a sama yakan kai kilo casa'in. Jirgin ƙasa yana yin tafiyar a awa bakwai, hayaƙinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Kafin ka sayi tikiti ka tambayi kanka: gaggawar taka ta kai a shaƙe 'ya'yan wasu?"

Da wannan layin na ƙarshe nake alfahari a da. Saboda shi yaran makaranta suka sa min suna Anti Hayaƙi. Ranar da na faɗe shi a rediyo, Abba sai da ya kira abokansa uku a waya ya ce su kunna, 'yarsa ce take magana.

Ya turo min farar takardar da yatsa ɗaya.

Sunana ne a kai, layi bayan layi. Jirgin safe na ranar Alhamis, jirgin yamma na ranar Alhamis. Zuwa goma sha bakwai, dawowa goma sha bakwai, cikin wata goma sha ɗaya. Kowanne da lambar kujerar da na zauna.

Na ji kamar an kwance min zani a tsakiyar titi.

Abba ya zaro biro daga aljihun gaba ya ajiye min a kan takardar. Ya ce ni ce mai lissafi a gidan nan, in haɗa musu su ji.

Na ɗauki biron na rubuta. Kilo ɗari da tamanin kowace tafiya, sau goma sha bakwai. Na faɗa a hankali, ya ce bai ji ba. Na maimaita.

"Kilo dubu uku da sittin, Abba."

"Tan uku da 'yan kai," ya ce. Shi bai buƙaci biro ba. "Nisan kuma kilomita dubu ashirin da ɗari bakwai da arba'in. Kin wuce rabin zagayen duniya, Auta, ina zaune a nan ina cewa kina aikin fili a ƙauyukan bayan gari. Wa ke can?"

Ya san amsar. Kowa a ɗakin ya san ta.

A wani taron bita kan sauyin yanayi muka haɗu da shi, shekara biyu da suka wuce. Ma'aikacin hasashen yanayi ne a filin jirgin wancan garin, shi ke gaya wa matuƙa inda iska ta nufa da inda gajimare ya taru, shi ya sa abokan aikinsa suke kiran sa Malam Hadari. Mutum ne mai magana a hankali kamar yana tsoron kalmomin su zube. Bara ya zo da baffansa neman aurena, Abba ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya kuma ce a'a.

Ba halinsa Abba ya ƙi ba. Yayata ta farko an yi mata aure a gari mai nisa, ta rasu wajen haihuwa shekara shida da suka wuce. Ranar, mutumin da ya yi rayuwarsa yana saukar da jirage ya yi awa biyar a zauren jira yana jiran jirgin da ya makara, ya isa har an rufe ta. Tun daga nan ya ce autarsa ba za ta je inda ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Shi kuma Malam Hadari ba zai iya tasowa ba, domin mahaifiyarsa ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, shi kaɗai gare ta.

Abba ya sa shi ya yi alkawarin ba zai zo ba, ba zai kira ba. Ya yi, ya kuma cika. Ni ba wanda ya tuna ya sa ni alkawari.

Yaya Manaja ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Wata takwas ke nan yana zuwa gidanmu neman aurena da turare da kwalayen kyauta, Gwaggo na bayansa, gidan da ya gina kuwa layi biyu ne tsakaninsa da namu. Ya ce shi ba tonon asiri ya zo yi ba, ganin sunan ya yi a kwamfutar ofis, hankalinsa ya tashi, domin ƙanwarsa ce ko ba komai.

"Abin da ya dame ni kawai, Kawu," ya ce yana duban kafet, "jirgin safe yana sauka tara da rabi. Na yamma ba ya tashi sai biyar. Awa bakwai da rabi ke nan a garin da ba ta da kowa."

Umma ta saki labulen ta dafe bango.

Sai da na ga inda maganar ta dosa sannan na buɗe baki. Na rantse musu cewa ƙafata ba ta taɓa wuce harabar filin jirgin ba. Na gaya musu duka, domin gaskiyar da ta rage min ke nan, ko da ta fi ƙaryar muni. In na sauka, nakan hau bene in zauna a kujerun ƙarfen da ke bayan shagon jaridu, inda ba mai ganina daga ofishinsu. In zauna nan tun tara da rabi har ƙarfe ɗaya, lokacin hutunsa. Sannan in sauko, in fita ta ƙofar gefe, in sake shigowa ta babbar ƙofa da fayil a hannu kamar wadda ta fito daga taro a cikin gari. Fayil ɗin fararen takardu ne a ciki. Mu sha shayi a tsakiyar jama'a, tebur a tsakaninmu, awa ɗaya da rabi. Ya koma aiki, ni kuma in koma bene in jira biyar.

"Kina nufin bai san don shi kike zuwa ba?" Abba ya tambaya.

Na girgiza kai.

Yaya Manaja ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Abba ya dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran.

Abba ya janyo ɗan littafinsa na lambobi, wanda murfinsa ya goge, ya lalubo shafi, ya danna waya ya buɗe muryar yadda kowa zai ji. Na roƙe shi da ido. Bai kalle ni ba.

Ƙara biyu aka ɗauka. Muryar da na tsallake kilomita ɗari shida don in ji ta cika falon, tana gaida Abba da ladabi, tana tambayar jikin Umma.

Abba bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya tambaye shi sau nawa ya ga 'yarsa tun bayan alkawarin da suka yi.

Ya amsa a hankali.

"Sau goma sha bakwai, Baba."

"Kai ka kira ta?"

"A'a, Baba. Aiki ne yake kawo ta garinmu, na auna iska a makarantu. In ta gama takan biyo mu gaisa kafin jirginta ya tashi. Na san ya kamata in sanar da kai, ban yi ba."

"Babu wannan aikin," in ji Abba. "Ba a taɓa yin sa ba."

Ta cikin wayar ina jin ƙarar na'urar da ke fitar musu da takardar yanayi, tana ta yi ita kaɗai. Can Malam Hadari ya tambaya ko ina kusa. Abba ya ce ina jin sa.

Na jira. Ko zagi ne da na karɓa. Bai ce uffan ba, har Abba ya kashe wayar.

Na sunkuyar da kai har goshina ya kusa taɓa gwiwa. Mace mai shekara ashirin da tara, mai digiri biyu, ta bi namiji har garinsu sau goma sha bakwai, shi bai gayyace ta ba, bai ma sani ba. Kuma an faɗa a gabansa, a gaban ubanta, a gaban wanda ta ƙi.

Washegari Lahadi tun da hantsi Gwaggo ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta fara. Ta ce ita tun ranar da ta ji sunan ta san za a rina, wai Hadari, ai da ƙugiya ya kamata a rubuta shi, Haɗari ne tsagwaronsa. Ba wanda ya yi dariya sai ita. Ta ce maganar nan in ta fita, ko mai gyaran taya ba zai tsaya a ƙofar gidan ba. Ta ce Allah ya taimake mu ɗanta mai haƙuri ne, har yanzu yana so, a sa rana kawai a rufe baki. Abba yana zaune yana jin yayarsa, bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Na gudu kicin. Na tarar da Umma tana yanka albasa, ta juya min baya.

Na ɗauki wuƙa zan taya ta, ta ce in ajiye.

"Ofis fa?" ta tambaya. "Mu kin ce mana aikin fili. Su me kika ce musu duk Alhamis ɗin da kika tafi?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce mata na gaya musu asibiti nake kai ta, ganin likitan ƙashi, saboda gwiwarta.

Ta ajiye wuƙar a hankali ta juyo.

"Shi ya sa," ta ce. "Shi ya sa shugabarku ta aiko min da man shafawa da sanda mai ƙafa uku. Na karɓa ina ta godiya, ina cewa wannan mata akwai kirki, ko ta yaya ta san ina ɗan jin gwiwa. Ashe ke kika kwantar da ni. Ina tafiya da ƙafata, kin mai da ni gurguwa a bakin mutane."

Na durƙusa na kama gefen zaninta ina kuka, ina cewa ta yafe min, ban san yadda abin ya kai haka ba. Sau ɗaya na yi niyya, in gan shi kawai in dawo. Da jirgin ƙasa zan bi, da sai na kwana a hanya, da an gane. Jirgin sama ne kaɗai zai kai ni ya dawo da ni kafin magariba. Na ce mata duk lokacin da jirgin ya ɗaga, ina kallon fukafukin ta taga, ina lissafa hayaƙin da kaina, ina cewa wannan ne na ƙarshe.

"Kina son sa har haka?"

Na gyaɗa kai.

Hawaye suka zubo mata, ba na albasa ba. Ta ce me ya hana in zo in faɗa mata, ita da ta haife ni. Na ce na ga yadda Abba yake in an ambaci nisa, na ga yadda ita ma take shiga ɗakin marigayiya yayata ta rufe ƙofa, ban so in ƙara musu.

"To yanzu kin rage mana ke nan?" ta ce. Ta zare zaninta daga hannuna, ba da ƙarfi ba. "Ba zuwan ne ya fi min ciwo ba, Auta. Duk Alhamis ɗin da kika fita, da yamma nakan dafa miki ruwan wanka in ce 'yata ta sha rana a ƙauye. Ki shigo ki ba ni labarin rijiyoyi da matan da kika gani. Har sunaye kike ba su. Har nakan tambaye ki jikin wata mai ciki. Ina kika samo su?"

Ta koma kan albasarta, ta ce in tashi in wanke fuska, akwai baƙi a gidan.

A baranda Yaya Manaja ya tare ni, makullin motarsa yana juyawa a yatsa. Ya sassauta murya ya kira ni ƙanwata. Ya ce kwafi biyu ne kawai na takardar, ɗaya wajen Kawu, ɗaya a wajensa. Ya ce ya san ranar Laraba ina da shiri a rediyo kan wannan magana ta jirage, kuma zai yi muni ƙwarai in wani ɗan jarida ya kira ya tambayi Anti Hayaƙi ita sau nawa ta hau. Shi ba zai so haka ba. Mijin mace ai shi ne rufin asirinta, in na gane abin da yake nufi.

Na gane. Na tambaye shi ko aikinsa ya ba shi damar buɗe tafiye-tafiyen fasinja ya kai gida. Ya yi murmushi ya ce wadda ta yi abin da na yi ba ita za ta koya wa wani amana ba.

Abin da ya ƙona ni shi ne ban iya cewa ƙarya yake ba.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis. Na zauna a teburina ina kallon babban hoton da muka manna a bango, jirgi yana jan baƙin hayaƙi a kan wani filin wasan yara. Ni na zaɓi hoton. Da shugabarmu ta iso na bi ta har ofishinta na rufe ƙofa.

Dattijuwa ce da ta bar koyarwa a jami'a ta kafa ƙungiyar nan da ɗaki ɗaya da tebur biyu. Ɗanta yana wancan garin da jikokinta, amma shekara huɗu ke nan jirgin ƙasa take bi ta je ta gan su, da ciwon bayanta da komai. Ta fara da tambayar gwiwar Umma.

Na ce mata lafiyar Umma ƙalau. Sannan na faɗa mata sauran, a tsaye, ban rage komai ba.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ta ce ita ba ta taɓa cewa hawa jirgi zunubi ba ne, akwai tafiyar da dole sai da shi. Da na zo na ce mata zuciyata ce a can, da ta ba ni Alhamis ɗin da hannunta, ta kuma ce in sassauta wancan layi na 'ya'yan wasu, domin tun farko ya yi mata kaifi.

"Amma kin tsaya gaban yara kin nuna wasu da yatsa, tikiti yana cikin jakarki," ta ce. "Akwai wata yarinya a makarantar bayan tasha da ta hana babanta hawa jirgi zuwa ganin likita saboda maganarki. Ya bi jirgin ƙasa da ciwon ƙoda. Ke kika kawo mana labarin kina murna. Kin tuna?"

Na tuna.

Ta ce ba za ta kore ni yau ba, ba kuma za ta rufe min ba. Shirin Laraba yana nan. Ko in shiga in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa, ko in ajiye mata takardar barin aiki ranar Talata. Ta ce in je gida in yi tunani, fuskata ba ta aiki ba ce yau.

Na fito na yi ta tafiya a ƙasa, ban hau mota ba. Kowane mai shago da ya gaishe ni sai in ga kamar ya sani. La'asar ta yi kafin na shiga layinmu.

A bakin ƙofar falon Abba na ga wasu takalma baƙaƙe da suka sha tafiya, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe ɗaya. Awa ashirin da biyar da rabi na yi ina kallon su a ƙarƙashin teburin shayi, duk lokacin da na kasa kallon fuskar mai su.

Umma ta kama hannuna ta ja ni bayan labule. Ta raɗa min cewa bai fi minti goma da zuwa ba, ya bar mahaifiyarsa a hannun wata maƙwabciya, ko ruwa Abba bai ce a kawo masa ba.

Ta tsagar labulen na hango shi. Yana zaune a ƙasa, rigarsa duk ta yamutse, hularsa a kan gwiwa. Ya rame.

"Na ce maka aiki ne yake kawo ta, Baba," yake cewa. "A waya na faɗa, kuma ba gaskiya ba ce duka. Shi ya sa na zo in gyara a gabanka."

Abba ya ce yana ji.

Ya ce zuwa na huɗu fayil ɗina ya zame daga tebur, takardun suka watse, ya taya ni tsincewa, ya ga ba rubutu ko ɗaya. Zuwa na shida ya hau bene sayen jarida da ƙarfe goma sha ɗaya, ya hango ni a kujerun baya na haɗa kai da gwiwa ina gyangyaɗi. Ya tsaya ya daɗe yana kallona, sannan ya sauka ta ɗaya matakalar. Ƙarfe ɗaya na shigo ta babbar ƙofa ina ba shi labarin taro, ya ce min sannu da aiki.

Na toshe bakina da mayafi. Ashe duk wasan da nake yi, ɗan kallona ya san fayil ɗin fanko ne.

"Da na yi magana ranar, da ta daina zuwa," ya ce. "Na sani. Shi ya sa ban yi ba. Na riƙe alkawarinka da baki da ƙafa, na bar ta ita kaɗai tana ɗaukar abin da ya kamata mu ɗauka mu biyu. Ranar Asabar kuma da ka tambaye ni, na bar ta da kunyar ita kaɗai. Wannan ya fi komai damuna."

Abba ya tambaye shi to yanzu me ya kawo shi, neman aure ne karo na biyu.

"A'a, Baba. Wanda ya yi maka haka ba shi da bakin roƙo. Na zo in ba ka haƙuri, in kuma gaya maka na janye. In akwai wanda zai rufa mata asiri a kusa da kai, kada sunana ya tsaya a hanya."

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Na tsinci kaina a tsakiyar falon, na zube a gaban Abba, ban kalli gefen da yake zaune ba, domin in na kalla ba zan iya magana ba.

"Abba, ba shi da abin da zai janye, domin ba shi ya bi ni ba. Ni na bi shi. Na yi maka ƙarya, na yi wa Umma, na yi wa ofis, na yi wa yaran mutane. Ranar Laraba zan shiga rediyo in faɗa da bakina, da adadin tafiyar da nauyin hayaƙin, duk wanda yake da kwafin takarda ya riƙe abinsa." Na ci gaba. "In ka ce in haƙura da shi, zan haƙura, ba zan sake taka filin jirgi ba. Amma kada ka ba ni wanda ya tare ni a barandarka ya ce in aure shi ko ya kai ni wajen 'yan jarida. Kuma kada in sake yi maka ƙarya: shi nake so. Ko ka hana, shi nake so."

Ban taɓa faɗin irin wannan kalma a gaban Abba ba, kuma na ji kunyarta tana bi na tun daga wuya har tafin ƙafa.

"A barandata ya faɗa miki haka?" Abba ya tambaya.

"Jiya, Abba. Gwaggo tana ciki."

Ya cire tabaransa ya naɗe, ya sa a aljihu. Ya ɗauki farar takardar mai tambarin kamfani, ya juya ta ya kifa a kan tebur. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke zaune a ƙasa, sannan ya dubi labule.

"Ki kawo wa baƙon nan ruwa, ya yi tafiya," ya ce wa Umma. "Sannan ki kira min yayata a waya, ki ce ta zo yanzu, ita da ɗanta."

Umma ta tambaya me za ta ce musu in sun tambayi dalili.

"Ki ce su zo kawai."

Umma ta fita. Na ji ƙarar kofi a kan tire daga kicin. A gefena Malam Hadari yana murza bakin hularsa, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Abba ya jingina da kujera ya rufe ido.

Ba wanda ya ce in tashi, ban kuma tashi ba.